Ranar da A-kori-kurata ta Mutu da Gawa a Tsakiyar Rafi

A shekarun da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne mai matsakaicin ƙarfi a kasuwar kifi ta Kado, Bazazzagin da Abuja ta riƙe tun yana saurayi. Ina sarin kifi, ɗanye da busasshe, ina kai wa gidajen abinci da ƙananan otal-otal, da yamma in koma wurin iyalina a wata unguwa can bayan Dutse Alhaji, inda kwalta ta ƙare hanya ta koma jar ƙasa da duwatsu. Ba ni da burin da ya wuce in mallaki a-kori-kura. Ba irin tsofaffin nan masu tafiya suna tari ba, ba kuma manyan nan da sai mai gidan mai ke iya ciyar da su ba. Matsakaiciya nake so, mai ƙofa huɗu, da kujeru gaba da baya, da buɗaɗɗen bodi na zuba kaya. Na gaji da lallashin direbobin haya, waɗanda sai ƙanƙara ta fara narkewa a kan kifinka sannan mutum zai ce maka bari ya je ya sha mai ya dawo. Na rubuto muku ne, Edita, domin har yau in na ga saurayi yana zagaya irin motar nan a wurin dillalai yana shafa ta, sai in ji kamar in ja shi gefe in zaunar da shi.

Allah ya cika mini burina a gwanjon wani kamfanin gine-gine da ya gama aikinsa yana sayar da motocinsa. Fara ce, doguwa, ta sha aiki amma injinta lafiya lau. Ranar da na shigo da ita unguwa, matata ta fito ta zagaya ta, ta ce ma sha Allah ta yi kyau, sai dai in gaya mata ta ina ake hawa, ko kuwa da tsaninta aka sayar mini na manta shi a can. Na yi dariya, amma a raina na ji haushin da ba ta yi guɗa ba.

Ba zan ci amanar motar nan ba, ta yi mini aiki. Kayan da a da nake kwasa sawu-sawu, yanzu lodi ɗaya ne. Ruwan kifi da ƙarninsa suna can baya, in na dawo in watsa ruwa in goge, cikin mota kuwa fes, ko da farar shadda ka shiga haka za ka fito. Da damina, in hanyar unguwarmu ta jiƙe ta zama taɓo, masu ƙananan motoci sai su ajiye su a ƙarshen kwalta, su cire takalma su naɗe ƙafar wando. Ni kuwa in saka giyar nan da ke sa tayoyi huɗun su ja tare, in wuce su ina ɗaga hannu, wanda na ga dama in ce ya ɗale baya. Masu gadin otal da a da suke kora ni ƙofar baya, da sun hango farar a-kori-kura sai su ɗaga ƙarfen ƙofa da sauri suna oga sannu da zuwa, a zatonsu wani injiniya ne. Sai na wuce ƙarni ya buge su sannan su gane mai kifi ne. Ban ɓoye muku ba, kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Amma tana da halinta. Mai dai tana shan sa kamar da gayya, balle da ya yi tsadar da kowa ya sani, kayan gyaranta kuma ba a taya su ana murmushi. In babu kaya a bayanta sai ta riƙa tsalle a kan kowane rami, har matata ta rantse kujerar baya don horon mutane aka yi ta, domin ba ta taɓa isa gidan biki da ɗaurin ɗankwalinta a daidai ba. Bodin a buɗe yake, ruwan sama na dukan kaya sai ka yi ta fama da tamfol, in kuma ka shiga cunkoso idonka ɗaya na kan hanya ɗaya na kan madubi, don kada wani hannu ya rage maka lodi. Lungun gidana bai ɗauke ta ba, sai a ƙofar masallaci take kwana. Akwai kuma abin da na gano da kaina wata rana a kan jiƙaƙƙiyar kwalta: na taka birki babu kaya, sai na ji bayanta ya yi gefe yana neman ya riga gaban wucewa. Nauyinta duk a gaba yake, bayan kuwa in babu lodi ba shi da riƙo. Na tsorata a ranar, bayan kwana biyu na manta.

Abin da babu dillalin da ya gaya mini shi ne, a-kori-kura ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai ƙaramar mota ana roƙonsa ya rage wa mutum hanya ne, mai a-kori-kura kuwa yininsa ake roƙo gaba ɗaya. Na kwashi kayan jeren amare, na kwashi ragunan layya, na kwashi bulon ginin masallaci da katifun masu tashi daga gidan haya. Daga nan sai aka zo kan gawa. Maƙabartar da muke kai mamatanmu tana tsallaken wani rafi, da ɗan nisa, kuma tun asali a kafaɗa ake ɗaukar makara har can, ana karɓa-karɓa, wannan ya ɗauka ya ɗan taɓa tafiya wancan ya karɓe shi don kowa ya sami lada. Da motata ta zo, sai ya zama in an yi rasuwa liman ya aiko a kira ni. Da farko na yi ɗari-ɗari, ina tsoron kada masu gidajen abinci su ji cewa motar da ke kawo musu kifi ita ke kai gawa. Da na faɗa wa matata, sai ta ce in ji tsoron Allah, ai kifin da nake ɗauka ma ba da ransa yake zuwa ba. Daga baya aikin ya shiga raina. Nakan wanke bodin tas, in shimfiɗa sabuwar tabarma. Matsala ɗaya ce: irin wannan mota mai ƙofa huɗu bodinta gajere ne, makara ba ta shiga duka. Sai an sauke marfin baya, wajen ƙafafu ya leƙo waje, mutane su zauna gefe da gefe su riƙe ta da hannu har a isa.

Rafin nan daga duwatsun da ke sama ta wajen Bwari yake gangarowa. Da rani ba ka ce masa rafi ba, tsallake shi ake yi da ƙafa. Babu gada a kansa, daɓen siminti ne kawai aka yi a ƙasa, ruwa na bi ta kai, motoci da babura suna ratsawa. Na sha ƙetare shi da damina ruwa ya rufe rabin taya, wani lokacin ma fiye, mutane na tsaye a bakin gaɓa suna kallo suna yaba motar, ni kuma ina jin daɗin yabon kamar ni na ƙera ta. Akwai wata hanyar, amma sai ka koma babban titi ka yi dogon zagaye cikin cunkoso, ba mai son bin ta.

Akwai wani tsoho mai sayar da goro a ƙofar masallacinmu, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Ba shi da shago, faifai ne da jiƙaƙƙen algarara da ɗan benci. Ba mai yawan magana ba ne, in ka gaishe shi ya amsa, in ka sayi goro ya yi maka addu'a, shi ke nan. Tunda a gabansa motata ke kwana, kullum da safe nakan tarar ya kore awaki daga ƙarƙashinta, amma ban taɓa zama na tambaye shi labarinsa ba. Ɗansa ɗaya ne a Abuja, magidanci mai tura kurar ruwa, sauran iyalin duk suna ƙauye. Wata ranar damina da hantsi aka ce tsohon ya kwanta bayan ya dawo daga sallar asuba bai tashi ba. Aka yi masa wanka da sutura, aka sa jana'iza bayan la'asar. Mutanen da suka taru ba su da yawa, maƙwabta ne da 'yan uwan sana'ar ɗan. A unguwarmu yayyafi kawai aka yi a ranar, amma tun azahar sararin da ke kan duwatsu ya yi baƙi ƙirin, ana jin rugugi daga nesa.

Aka sallace shi, aka ɗora makara a bodi, aka lulluɓe ta da darduma. Ɗan ya zauna a wajen ƙafafu, wasu maƙwabta suka zauna gefe suka riƙe. Liman, dattijo ne mai ciwon gwiwa, ya shiga gaba kusa da ni, sauran jama'a suka biyo mu a babura. Tun kafin mu hango rafin na ji ƙararsa, kuma ban taɓa jin ya yi irin wannan ƙara ba. Da muka iso sai na ga ba rafin da na sani ba ne. Ruwan ja ne, ya cika gaɓa da gaɓa, yana gudu ɗauke da rassan itace da karan masara. 'Yan acaɓa sun yi cirko-cirko a tsallaken nan da wancan, kowa ya kashe babur yana jira. Ɗaya daga cikinsu ya matso jikin tagata, da irin Hausarsu ta Abuja ya ce oga ya yi haƙuri ya jira, ruwan nan yanzu-yanzu ta zo kuma tana da ƙarfi. Ana cikin haka masu haƙar kabari suka bugo wa liman waya cewa sun gama tun ɗazu, hadari na matsowa, in ruwa ya sauko kabarin zai cika, gefensa ya rufta.

Liman ya juyo ya tambaye ni cikin natsuwa ko motar za ta iya, ya ce in ba za ta iya ba babu laifi mu juya mu bi ta titi. Ya ba ni ƙofar fita a buɗe, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Na dubi ruwan, zuciyata ta ce a'a, ƙarara ta faɗa mini. Sai na dubi madubi na ga idanun mutanen da ke baya duk suna kaina, mutanen da suka sha jin ina cika baki cewa babu ruwan da zai tsayar da motar nan. Ɗan marigayin ne kaɗai bai ɗago ba, kansa na sunkuye, hannunsa na kan makara. Kunya ta kama ni, ta a ce yau mai a-kori-kura ya ja da baya da gawa a bayansa. Sai na ji bakina ya ce in sha Allahu za ta wuce, ta wuce wanda ya fi wannan. Na saka giya, na yi bisimilla, na shiga.

Da farko ta tafi kamar abin arziki. Ina jin ruwan na dukan gefenta, sitiyari na rawa a hannuna, amma tana ci gaba. Muna kaiwa tsakiya sai gaban ya dulmiya, ashe ruwa ya cinye wani ɓangare na simintin. Ruwa ya hau kan bonet, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na murɗa makulli, shiru. Na sake murɗawa, shiru. Ruwa mai sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana rufe mana ƙafafu, liman ya fara salati a hankali. Sannan na ji abin da na taɓa ji a kan jiƙaƙƙiyar kwalta: bayan motar ya motsa, ya ɗan ja gefe. Na dubi madubi na ga ƙarshen makarar a leƙe a kan ruwa, ruwan na lasar marfin baya. Wallahi a lokacin ban tuna da motar ba, ban ma tuna da raina ba. Abu ɗaya nake gani: in makarar nan ta zame, gawar bawan Allah za ta bi rafi da likkafaninta, a yi ta neman ta a cikin ciyayi, wataƙila a samu wataƙila ba a samu ba. Ɗansa kuma ya koma ƙauye ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce mata ba a binne baba ba, ruwa ya tafi da shi. Kuma ni ne sanadi.

Ɗan ne ya fara dirowa. Ruwan ya kai masa ƙirji, ya kusa ɗauke shi, ya kama ƙarfen bodi da hannu ɗaya ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin makarar. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Maƙwabtan da ke baya suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ina jin duk wanda ya sauka motar na ƙara yin sakayau, domin nauyinsu ne dama ke danne ta a ƙasa. Na ja birkin hannu, na taka na ƙafa da iya ƙarfina, ko da yake na san tayar da ba ta taka ƙasa sosai birki ba ya yi mata komai. Su kaɗai ba za su iya tafiya da makara a cikin wannan ruwa ba, ko taku ɗaya suka ɗaga sai ya kwashe su. Suka tsaya cak, makara a kafaɗa, rabi a kan mota rabi a kansu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. A tsallaken can akwai masu haƙar yashi da suka fito daga ruwa suna jiran ya janye, da 'yan acaɓa, da wasu manoma Gbagyi da ke dawowa daga gona da fartanyoyinsu. Babu wanda ya ba su umarni. Na ga an ɗaura igiyar masu yashi a jikin wata bishiya, wani ƙato ya kama bakinta ya faɗo ruwa, wani ya kama ɗamararsa, wani ya kama na bayansa. Ta bayanmu kuma jama'armu suka yar da babura suka shigo haka nan, hannu cikin hannu. Kafin in ankara mutane sun yi layi biyu daga jikin motata har gaɓar can ta wajen maƙabarta, ruwa na dukan ƙirjinsu, wasu har wuya, kowa ya kafe ƙafarsa. Sai aka zare makarar daga bodi aka ɗaga ta sama da kawuna. Ba wanda ya yi tafiya da ita. Daga hannu zuwa hannu ta riƙa wucewa, wannan ya miƙa wancan ya karɓa, irin karɓa-karɓar da muke yi a kan tudu, sai dai yau mutanen ne a tsaye, makarar ce ke tafiya. Ana ta kalmar shahada da ƙarfi har tana danne ƙarar ruwan. Kusa da gilashina akwai wani mai sarƙar gicciye a wuya, ya ɗaga hannayensa biyu ya tallafe ta, bakinsa na motsi da tasa addu'ar. Bai san wanda ke ciki ba, bai kuma tambaya ba.

Ni dai ina zaune ruwa ya kai mini kugu, na kasa ɗauke ido. An zare liman ta taga ban ma lura sosai ba, hularsa kawai na ga ta bi ruwa. Ina kallon dardumar nan tana tafiya a saman kawunan mutane, a hankali, ba ta karkata ba, ba ta girgiza ba, ga ruwa na hauka a ƙarƙashinta. Na ga manyan motoci da manyan gine-gine a garin nan, ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido kamar wannan ba. Sai da makarar ta taɓa gaɓa aka yi kabbara, sannan na ji an damƙi wuyan rigata ana cewa oga fito, fito. Aka ja ni ta taga. Ƙafata na barin kujera motar ta juya, baya ya riga gaba, ta zame daga kan simintin ta kwanta a gefenta, ruwa ya tafi da ita kamar kwanon da ya suɓuce wa mai wanke-wanke. Motar da nake ganin babu abin da ya fi ƙarfinta, ko gardama ba ta yi ba. Muna kallo ta sha kwana ta ɓace.

Aka fito da kowa, aka duba aka ga babu wanda ya ɓata, sai mutum ɗaya da wani abu ya yanka a ƙafa. Daga nan aka ɗauki makara a kafaɗa kamar yadda ake yi tun asali. Na bi su ba takalmi, riga na ɗigar ruwa. Abin mamaki, mutanen da suka shiga ruwan ba su watse ba. Masu yashi da 'yan acaɓa suka biyo mu, waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya daga bakin shinge suka cire huluna. Tsohon da muka sallata da 'yan tsirarun mutane, sai ga shi ya isa makwancinsa da taron da ko wani mai kuɗin unguwarmu bai samu ba. Da aka yaye dardumar za a saka shi, na matsa na duba da idona. Likkafanin fari fat, a bushe, ko ɗigo bai taɓa shi ba, alhali duk wanda ke tsaye a wurin a jiƙe yake sharkaf. Na ji liman na maimaita Allahu Akbar ƙasa-ƙasa. Ni dai ban san abin da ke tsakanin mai goron nan da Ubangijinsa ba, shekara da shekaru ina wuce shi da gaisuwar baka. Na durƙusa na zuba ƙasa da hannuna, hawaye na zuba ban iya tsayar da su ba.

Bayan an yi addu'a an shafa, ina tsaye gefe ina neman inda zan sa kaina, sai ga ɗan marigayin ya nufo ni. Na ɗauka zai faɗa mini abin da na cancanta, na kuma shirya karɓa. Sai ya kama hannayena biyu yana kuka, yana yi mini jaje. Ya ce saboda mahaifinsa na rasa motar da nake neman abinci da ita, shi kuma ba shi da abin da zai biya ni, in yafe musu don Allah. Mutumin da ya binne mahaifinsa yanzun nan, shi ke ba ni haƙuri, ni da na kusa zubar masa da uba a rafi. Na ce masa ni ne mai neman gafara, domin na ga ruwan, zuciyata ta hana ni, na shiga don kada a ce na ji tsoro. Ya girgiza kai ya ce baba dai ya isa ɗakinsa, shi ke nan, Allah ya mayar mini da alheri. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ta doguwar hanyar muka koma, ruwan sama na dukanmu a kan baburan 'yan acaɓa. Labari ya riga ni isa gida. Matata da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, a ranar ruwan zafi kawai ta kai mini banɗaki, na ji ta tana kuka a kicin. Washegari aka sami motar can ƙasa ta maƙale a jikin wata bishiya, cike da yashi har sitiyari. Masu sayen kayan gyara suka zo suka kwance abin da zai kwantu. Na koma lallashin direbobin haya, wasu gidajen abincin suka sami mai kawo musu kifi da wuri suka bar ni, na daɗe kafin in miƙe. Da na miƙe kuwa, a-kori-kurar na sake saya, wadda ta fi waccan tsufa. Wasu sun ce ban ji magana ba. Amma sana'ata tana buƙatar ta, unguwarmu ma haka, kuma motar ba ta yi mini laifin komai ba. Inda aka ce ta shiga nan ta shiga.

Don haka duk mai sha'awar irin wannan mota, ba zan ce kada ya saya ba. In kana da kayan ɗauka na gaskiya da hanyar da ƙaramar mota ba ta bi, za ta share maka hawaye. In kuwa don a ce maka oga ne, ka bar ta, man da za ta sha ma ya ishe ka wa'azi. Amma ka sani tsayinta da ƙarfinta suna da iyaka, kuma tana sa mai ita ya manta da hakan. Tsayin taya yana maganin taɓo da kwantaccen ruwa, ba ya maganin ruwa mai gudu, bayanta kuma ba shi da nauyin da kake zato. Ka kuma sani ranar da ka saye ta jama'a za su ɗora maka amanarsu, da kayansu da marasa lafiyarsu da mamatansu, kuma za su yarda da duk abin da ka ce motar za ta iya, domin kai ne a kan sitiyari. To, ka koyi cewa ba za ta iya ba, a gaban kowa, ko da liman na zaune kusa da kai. An ce a gaggauta kai mamaci, amma ba a ce a jefa shi da masu rakiyarsa cikin halaka ba.

Tun daga ranar, na sha isowa bakin rafin nan da gawa a baya in tarar ya kawo, in juya kan mota in bi ta titi. Mutane su yi ta gunaguni a baya, wani ya ce ai ruwan bai kai gwiwa ba, wani ya ce tun da abin nan ya faru na zama matsoraci, mu isa maƙabarta rana na shirin faɗuwa. Ni dai in ci gaba da tuƙina. Hannayen da suka ɗaga makarar nan a ranar, Allah ne ya tara su a bakin rafi, ba ni ba, kuma bai yi mini alkawarin zai sake tara su ba.